Ma'anar "fayil na waje" a rumbun bayanai

Idan masu gina manhaja suka ce fayil "na waje" ne, suna nufin hoton, ko PDF ɗin, ko muryar da aka naɗa ba ta cikin rumbun bayanai. Tana zaune a faifan saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, rumbun kuwa adireshinta kaɗai ya riƙe. Kishiyar wannan ita ce BLOB, inda ake cusa fayil ɗin kansa cikin teburin rumbun. A MySQL, ɗaya daga manhajojin rumbun bayanai, BLOB na gama-gari bai wuce bayit 65,535 ba, hoton waya ɗaya ma sai an koma MEDIUMBLOB mai megabayit 16.

A ce makaranta ce a Aboabo, Kumasi, tana ajiye hotunan ɗalibai. Layin kowane ɗalibi a tebur zai ɗauki adireshin fayil, girmansa, nau'insa, da tambarin SHA-256 mai haruffa 64 da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, wanda ke tona asiri idan fayil ya lalace. Kada a bar sunan da hoto ya zo da shi daga waya. A laƙaba masa UUID, wato doguwar lambar da ba ta cin karo da wata, don kada wani hoto ya hau kan wani. Adireshin ma a fara shi daga babbar folda, ba daga tushen faifai ba, saboda ranar ƙaura zuwa sabuwar saba.

Inda gizo ke saƙar shi ne rumbun da faifan ba su san da juna ba. Rumbu na iya soke aikin da bai kammala ba, amma ba ya goge fayil. Shi ya sa ake fara rubuta fayil, sai ya zauna daram a shigar da layi. Idan dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya faɗo a tsakani, abin da zai rage maraya ne, fayil marar mai shi, wanda za a share daga baya. Wannan ya fi layin da ke nuna babu. Wajen gogewa kuma layi ne farko.

Kwafin ajiya ma haka: mysqldump da pg_dump, manhajojin kwafar rumbu, ba sa kwasar folda. A kwafi rumbu, sannan fayiloli. Rumbun Oracle na da BFILE mai nuna fayil na waje, amma karatu kawai yake yi. Tsarin FILESTREAM na rumbun SQL Server, tun 2008, shi ne ke haɗa rumbu da fayiloli a kwafi ɗaya.

In akwai hoton Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, a ciki, foldar kada ta zauna inda burauza zai kai kai-tsaye. Dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ta shafi irin wannan hoto.