Allurar Baya Ba Ta Taɓa Laka

Mata da dama suna ƙin allurar baya, wato ta kashe zafi, idan za a yi musu tiyatar haihuwa, wai a cikin laka ake soka ta, daga nan sai shanyewar ƙafafu. Wannan tsoro kuwa rashin sanin yadda bayan yake ne ya haifar da shi.

Gadon baya jerin ƙasusuwa ne 33: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 galibi sun haɗe a can ƙasa. Laka tana bi ta ramin tsakiyarsu, amma ba ta kai ƙarshe. A jikin babban mutum tana tsayawa ne wajen ƙashin ƙugu na ɗaya ko na biyu. Ƙasa da nan jijiyoyi ne kawai ke yawo cikin ruwa, kamar gashin wutsiyar doki. Shi ya sa likita ke soka allurar tsakanin ƙashin ƙugu na uku da na huɗu, ko na huɗu da na biyar. Sunkuyawar da ake sa mace ta yi, don gibin ya buɗe ne.

Abin da kan iya biyo baya wani lokaci shi ne ciwon kai, idan ruwan ya ɗan zurara ta hudar allurar. Yakan tsananta a zaune, ya lafa a kwance. Idan ya ƙi sauƙi, a koma asibiti, akwai maganinsa.