Shin intanet za ta kashe jarida da littafi?

An daɗe ana cewa tunda intanet ta zo, kwanan takarda ya ƙare. Masu faɗin haka suna da hujja, don jaridu da yawa sun rage shafuka, wasu sun rufe. Sai dai haka aka faɗa da rediyo ya bazu a shekarun 1920, aka maimaita da zuwan talabijin a shekarun 1950.

Wadda ta sha wuya da gaske ita ce jaridar kullum. Kuɗin da mai karatu ke biya ba ya riƙe ta, talla ce ke riƙe ta, tallar kuwa ta koma waya. Ga takardar bugu, da galibi daga waje ake shigo da ita, tana bin farashin dala. Labarin safe kuma kafin ya isa hannun mai sayarwa, kowa ya gani a waya.

Littafi daban ne. Ba ya tsufa a kwana ɗaya, ba ya neman caji ko data. Littattafan makaranta da Alƙur'ani har gobe ana bugawa, kuma injinan zamani na iya fitar da kwafi 20 kacal, abin da a da asara ne saboda tsadar faranti, wato fallen ƙarfen da ake zana shafi a kai kafin a buga.

Kuna iya tantancewa da kanku. Ku ƙirga shafukan talla a jaridar shekara 20 baya da ta yau. Ku tambayi mai sayarwa kwafi nawa yake karɓa, nawa yake mayarwa. Sannan ku leƙa shagon littattafai makon komawa makaranta.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.