Waiwaye: Yadda maganin ciwon damuwa ya riga bayaninsa zuwa

A shekarar 1952, a asibitin masu tarin fuka na Sea View da ke birnin New York, likitoci suka fara gwada wani sabon magani mai suna iproniazid. Tarin ake so ya kashe, sai ga wani abu daban: majinyatan da suka fid da rai sun soma cin abinci, suna hira, suna walwala. Kafin shekara biyar, likitocin ƙwaƙwalwa sun ɗauke shi suna bai wa masu ciwon damuwa, wato baƙin ciki mai tsanani da ke daɗewa (depression). A 1957 kuma likita Roland Kuhn na Suwizalan ya bayyana irin wannan tasirin da ya gani a wani magani mai suna imipramine, wanda shi ma don wani ciwon taɓin hankali daban aka fara gwada shi. Duka biyun tsintuwa ce.

Ciwon kansa tsoho ne. Hippocrates, likitan Girka ta dā, ya ɗora laifin a kan baƙin ruwan matsarmama. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya bambance baƙin ciki mai dalili, kamar na rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke saukar wa mutum haka siddan, ya ce wannan na biyun daga jiki yake.

Da aka samu ƙwayar da ke aiki, sai aka koma neman dalilin aikinta. An lura tana ƙara wasu sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, sai aka ce ashe ƙarancinsu ne ke kawo ciwon. A 1967 Alec Coppen na Birtaniya ya nuna wa sinadarin serotonin yatsa. Hasashe ne kawai, amma da maganin Prozac, mai aiki a kan serotonin, ya samu izini a Amurka a ƙarshen 1987, tallace-tallace suka mai da shi kamar yankan wuƙa: sinadarinka ya yi ƙasa, ga ƙwayar da za ta cike. Bayani ne mai daɗin ji, kuma ya sauke wa marasa lafiya da yawa nauyin kunya, wannan kam ba a musu.

Sai dai shakku bai daɗe ba ya kunno kai. A 2008 Erick Turner da abokan aikinsa suka binciki gwaje-gwaje 74 da kamfanoni suka miƙa wa hukumar abinci da magunguna ta Amurka. A mujallu, kashi 94 cikin 100 sun nuna nasara. A kundin hukumar kuwa kashi 51 ne. Yawancin waɗanda ba su yi kyau ba an danne su, ko an yi musu kwaskwarima. A 2018 wani babban nazari a mujallar Lancet ya haɗa gwaji 522 kan magunguna 21, ya tarar dukkansu sun fi ƙwayar bogi (wadda ba ta da magani a ciki, ake ba wasu don kwatance) aiki, amma ratar ba ta da faɗi. A 2022 Joanna Moncrieff da tawagarta suka ce babu hujja mai ƙarfi cewa ƙarancin serotonin ne ke jawo ciwon.

Wasu sun ɗauka maganin ya tashi aiki ke nan. A ganina sun yi gaggawa. Bayanin ne ya yi rauni, amma mutane da dama, musamman waɗanda ciwon ya yi wa tsanani, suna samun sauƙi da shi. Abin da ya fi bayyana yanzu shi ne ciwon ba shi da sanadi guda: akwai gado, akwai wahalar ƙuruciya, rashi, kaɗaici, talauci, haihuwa, doguwar jinya. Shi ya sa jinyar zama a tattauna, irin wadda Aaron Beck ya tsara tun shekarun 1960, take tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙwaya.

Illolin ma ba a yarda da su da wuri ba. Tashin zuciya, raguwar sha'awa da ƙiba an san su. A 2004 ne Amurka ta tilasta rubuta gargaɗi cewa maganin na iya ƙara tunanin kashe kai ga yara, a 2007 ta faɗaɗa shi zuwa 'yan ƙasa da shekara 25. Wahalar dainawa kuwa, jiri, rashin barci, jin kamar tartsatsin lantarki a ka, an daɗe ana cewa ba ta wuce mako biyu. Sai a 2019 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta amince cewa ga wasu takan kai watanni, kuma shawararta yanzu ita ce a riƙa rage adadin sannu a hankali tare da likita.