Harajin tarayya a kan kuɗin da jiha ta mayar wa mai biyan haraji a Amurka

A Amurka yawancin ma'aikata haraji biyu suke biya a kan albashinsu, na gwamnatin tarayya da na jiha, in aka cire wa mutum fiye da kima sai jihar ta mayar masa da rarar bayan ya cike fom. Tambayar da ke tasowa ita ce ko hukumar haraji ta tarayya, wato IRS, za ta ɗauki wannan rarar a matsayin kuɗin shiga. Amsar ta dogara ne kan abin da mutum ya yi a fom ɗinsa na bara.

Tarihi

Tun 1913 da aka kafa harajin kuɗin shiga na tarayya doka ta yarda mutum ya cire harajin da ya biya wa jiha kafin a lissafa masa na tarayya. Matsalar ita ce lissafin haraji shekara-shekara ake yinsa, to idan kuɗin da ka cire bara ya dawo hannunka bana fa? Kotuna sun daɗe suna fama da wannan, majalisa ta sa ƙa'idar a doka wajajen 1942, Kotun Ƙoli ma ta taɓo batun a shari'ar Dobson ta 1943 da ta bankin Hillsboro a 1983. Yanzu ƙa'idar tana sashe na 111 na kundin harajin ƙasar, kuma gaskiya akwai adalci a cikinta: iya abin da ya rage maka haraji a baya shi kaɗai za a ɗora wa haraji idan ya dawo. Ragin bai-ɗaya, wato ƙayyadadden adadin da ake cire wa mutum daga kuɗin shigarsa ba tare da ya jera abin da ya kashe ba, wanda yau shi mafi yawan mutane ke ɗauka, sai a 1944 ya shigo.

Yadda ake lissafi

Wanda ya ɗauki ragin bai-ɗaya bara ba ruwansa, rarar ba ta da haraji. Haka wanda ya zaɓi cire harajin sayayya maimakon na albashi. Wanda ya jera ragin nasa ɗaya bayan ɗaya a Jadawalin A, wato takardar da ake haɗawa da fom ɗin harajin tarayya don wannan jeri, shi ne zai duba, jiha kan turo masa fom 1099-G da adadin.

Dokar 2017 ta ƙayyade ragin harajin jiha da ƙaramar hukuma a dala 10,000, wannan ya canja lissafin sosai. Misali mutum ya biya 12,000 aka mayar masa 1,500, har yanzu abin da ya biya ya haura 10,000 kenan rarar ba ta ƙara masa komai ba, babu haraji. Da 3,000 aka mayar, dala 1,000 ce za ta iya shiga lissafi. A 2025 an ɗaga iyakar zuwa 40,000, bayan an yi ta jayayya a kanta tsakanin 'yan majalisa.

Kuɗin ruwa da jiha ta haɗa da rarar yana da haraji ko ya ake ciki. A jihohi irin su Texas da Florida da ba sa karɓar harajin albashi maganar ba ta tasowa.