Abin da Dokar Amurka Kan Gansakukar Teku Mai Guba Ta Tanada

A shekarar 1998 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da doka ta musamman kan gansakukar ruwa mai cutarwa da kuma ƙarancin iskar oksijin a teku, aka yi mata gyara a 2004 da 2014, sannan aka sanya hannu kan wani gyaran a farkon 2019. Gansakukar da ake nufi ƙananan halittu ne da ido ba ya gani sai sun yi yawa, har ruwa ya rine ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa. Ɗumin ruwa da kwanciyarsa da yawan sinadaran naitirojin da fosfaras, waɗanda takin zamani da ruwan najasa ke kaiwa teku, su ne ke taimaka musu yaɗuwa.

Dokar ta ɗora wa hukumar NOAA, mai kula da teku da yanayi, jagorancin bincike da sa ido da hasashe a gaɓar teku, ta kuma kafa kwamitin haɗin gwiwa na hukumomin tarayya. Gyaran 2014 ya ba hukumar kare muhalli ta EPA alhakin ruwan koguna da tafkuna.

Wajen hasashe ne aikin ya fi armashi. A gaɓar jihar Maine, nau'in Alexandrium yakan zubar da ƙwayoyinsa cikin laka a ƙasan teku su kwanta kamar iri a rumbu, don haka masana kan ɗebo lakar a ƙarshen shekara su ƙirga ƙwayoyin, su kimanta girman annobar da ke tafe. A Filorida kuwa, inda nau'in Karenia brevis ya addabi gaɓar yamma daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2019 ya kashe kifi da kunkuru birjik, ana haɗa hotunan tauraron ɗan adam da samfurin ruwa da alkiblar iska a fitar da gargaɗi ga jama'a, domin idan iska ta kaɗo daga teku gubar takan tashi da feshin igiyar ruwa, mutum yana tsaye a bakin teku sai tari ya sarƙe shi, idanu su yi ta ƙwalla. Masu ciwon asma su suka fi buƙatar wannan gargaɗi.

Sai dai dokar ba ta haramta komai ba, ba ta kuma hukunta kowa. Manomin da takinsa ke gangarawa kogin Misisipi har zuwa Mashigin Meziko, inda ruwa ke rasa oksijin duk lokacin zafi, babu sashen da ya tilasta masa rage taki, kuma a ganina nan ne babban giɓinta. Ƙa'idar da ke da haƙora tana cikin tsarin tsabtar makankari da dangoginsu masu ɓawo, wanda jihohi ke aiwatarwa: idan gubar saksitoksin, wadda irin su Alexandrium ke fitarwa, ta kai maikirogiram 80 a cikin giram 100 na naman, wajibi ne a rufe wurin ɗibarsu, ba za a sake buɗewa ba sai gwaji ya nuna ta sauka. Dalilin tsananin shi ne waɗannan halittu suna tace ruwa suna tara gubar a jikinsu, kuma dafuwa ba ta kashe ta.