Shatar jiragen masunta don binciken kifin halibut a tsakiyar hunturu: tambayoyi da amsoshi

Wane irin kifi ne halibut, kuma wa ke sa ido a kan kamunsa?

Halibut kifi ne mai faɗi kamar faifai wanda yake kwanciya a ƙasan teku, idanunsa biyu duka a gefen dama. Ana samunsa a arewacin Tekun Fasifik, daga gaɓar Kalifoniya har zuwa Alaska da Tekun Bering. Mace ta fi namiji girma nesa ba kusa ba, domin akan sami wadda ta haura kilo 200. A shekarar 1923 Amurka da Kanada suka ƙulla yarjejeniyar kare shi, wadda ita ce ta farko da Kanada ta sa wa hannu ita kaɗai ba tare da wakilin Birtaniya ba. Daga nan aka kafa hukumar da yanzu ake kira IPHC, wato Hukumar Ƙasa da Ƙasa ta Kifin Halibut na Fasifik, mai hedikwata a birnin Seattle, wadda take ƙiyasta yawan kifin kuma take tsayar da adadin da za a kama kowace shekara.

Me ya sa hukumar take ɗaukar shatar jiragen masunta?

Dalilin farko kuɗi ne, domin jirgin bincike na musamman yana cin kuɗin gyara da albashin ma'aikata ko yana aiki ko yana tsaye a tasha. Dalili na biyu ya fi nauyi: kamun halibut sana'a ce da ba a koyonta a aji. Ana kama shi da doguwar igiya mai ƙugiyoyi da ake shimfiɗawa a ƙasan teku, kusan irin mamarin masuntanmu, sai dai wannan ana sa masa koto. Shimfiɗa ta da janyo ta cikin iska da igiyar ruwa sai wanda hannunsa ya saba. Saboda haka hukumar takan fitar da sanarwa, masu jirage su aiko da farashinsu da bayanin jiragensu, ita kuma ta zaɓa.

To me ya sa sai an fita cikin hunturu, alhali lokacin zafi ya fi sauƙi?

Babban binciken da hukumar take yi kowace shekara a lokacin zafi ake yinsa, sa'ad da kifin ya watsu a ruwa mara zurfi yana kiwo. Amma halibut ba ya zuba ƙwai a wannan lokaci. Daga watan Nuwamba zuwa Maris manyan kifayen sukan gangara bakin tudun ƙarƙashin teku, inda zurfi yake kaiwa mita 180 zuwa 450, su taru don hayayyafa, kuma mace guda takan zuba ƙwai daga rabin miliyan har zuwa miliyan huɗu gwargwadon girmanta. Wasu daga cikinsu sukan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin su isa wuraren taruwar, irin su Portlock da ke kusa da tsibirin Kodiak.

Wannan ƙaura ita ce ta tilasta fitar hunturu. Kifin da aka kama a lokacin zafi ba a san daga wace matattara ya fito ba, domin a wurin kiwo kowa da kowa ne a cuɗe. Wanda yake son ya gano ko halibut na Tekun Bering da na Gaɓar Alaska zuriya ɗaya ne, dole ya ɗebi samfurin ƙwayoyin gado a inda suke hayayyafa. Haka kuma tambayar ko kowace balagaggiyar mace tana zuba ƙwai duk shekara, ko wasu suna tsallake shekara, ta fi amsuwa idan an duba su a lokacin da abin yake faruwa. Ga shi kuma a tsakiyar hunturu an rufe kamun kasuwanci, babu masuntan da za su kawo kifi tasha balle a ɗebi samfuri daga wurinsu.

Wane irin jirgi ake nema?

Ana son jirgin da zai jure tekun arewa a lokacin da dare yake da tsawo, guguwa take yawaita, feshin ruwa kuma yake daskarewa a jikin jirgi har ma'aikata su riƙa farfasa ƙanƙara da guduma don kada nauyinta ya kifar da shi. Dole ya kasance da makwancin ma'aikatan hukumar, da fili a bisa jirgin inda za su kafa teburin awo, da kayan ceto irin su kwalekwalen roba da rigunan da suke hana sanyin ruwa kashe mutum. Ƙwarewar kyaftin ma abin dubawa ce, kuma a ganina ita ce kan gaba, tun da shi ne ya san inda kifin yake taruwa da ranar da ya kamata a haƙura a koma tasha.

Yaya aikin yake gudana a kan jirgin?

A binciken shekara-shekara an ƙayyade komai: kowace igiya tsawonta ƙafa 1,800, da ƙugiya 100, da tazarar ƙafa 18 tsakanin kowace biyu, koton kuma naman kifin salmon ne. Masunta suna janyo igiya, ma'aikacin bincike yana auna tsawon kifi, ya duba ko mace ne ko namiji, ya yanki ɗan guntun fiffike don gwajin gado. Sannan ya tsaga kan kifin ya zaro wani ɗan farin ƙashin kunne wanda bai wuce farce ba, mai ɗauke da zobba kamar na kututturen itace, da su ake ƙirga shekarun kifin. Wasu kifayen kuma ba a yanka su, sai a maƙala musu na'urar da take rubuta zurfi da zafin ruwa, wadda bayan watanni take ɓallewa ta taso sama ta aika da bayananta ta tauraron ɗan'adam.

Me mai jirgi yake samu?

Yana samun kuɗin shata a lokacin da jirginsa zai iya zama a ɗaure ba aiki. Sai dai a nan ba yawan kifi ake biyansa ba, bin tsarin masu bincike ake biyansa, ko da tsarin ya ce a tsaya ana auna kifi ɗaya bayan ɗaya yayin da sauran igiyar take jira a cikin ruwa.