Ma'anar "aiki" a fiziks: me ya sa tsayawa da kaya a ka ba ya shiga lissafi?

Ɗaliban SS1 da yawa sukan yi turus ranar da malamin fiziks ya ce wanda ya tsaya da buhu a ka bai yi aiki ba. Duk wanda ya ga 'yan dako a babbar kasuwar Sakkwato, gumi na tsiyaya musu a zafin Afrilu, zai ɗauki maganar rainin wayo. Malamin bai yi ƙarya ba. Shi makamashin da ya shiga buhun yake aunawa, mu kuma abin da ya fita daga jikin mutumin muke kallo.

A fiziks, ana cewa an yi aiki idan ƙarfi ya motsa abu ta ɓangaren da yake tura shi. Ana ninka ƙarfin da tazarar da abin ya yi. Ƙarfi da niyuton ake auna shi, tazara da mita, abin da ya fito kuma jul. An samo sunan daga James Prescott Joule, masanin Ingila da ya rasu a 1889, wanda ya nuna cewa aikin motsi yana rikiɗewa ya zama zafi.

Mu ɗauki buhun siminti irin na masana'antar Kalambaina da ke Sakkwato, mai kilo 50. Ƙasa tana jan kowane kilo da ƙarfin niyuton 9.8, wato nauyin buhun niyuton 490 ke nan. Idan aka cicciɓe shi daga ƙasa zuwa ka, tsawon mita ɗaya da rabi, an yi aikin jul 735. Wannan makamashin bai salwanta ba, yana nan ajiye a buhun saboda tsayin da ya hau, kuma ranar da ya suɓuce ƙafar wani za ta ba da shaida. To da zarar ya zauna a kan gammo, tazara ta koma sifili. Ko awa guda aka yi a tsaye, 490 sau sifili, sifili ne.

Tafiya ma haka take, in dai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce kuma saurin bai canja ba. Kai yana tokare kayan sama, tafiyar kuwa gaba ake yi, hanyarsu ba ɗaya ba. Sai an fara hawa bene ko katakon da aka jingina a bayan tirela lissafi zai sake motsi.

To gajiyar fa, daga ina? Nan ne littattafan makaranta suka fi yin rowar bayani. Dakali zai riƙe buhun nan shekara guda ba tare da ya nemi fura ba, domin sandararren abu ne. Tsoka ba haka take ba. Ƙananan zare ne birjik, suna kamawa suna saki bi da bi, kuma kowane kamu yana cin wani sinadari da ake kira ATP, wanda jiki ke haɗawa daga abinci. Kayan ba su motsa ba, amma a cikin wuya da gadon baya ana ta ƙona makamashi, kuma dukkansa zafi yake zama. Gumin ke nan. Ko a lokacin ɗagawar ma, da ƙyar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tsoka ta ƙona yake zama aiki. Kilokalori ɗaya, wato ma'aunin makamashin abinci, jul 4,184 ne, don haka jul 735 ɗin nan bai kai ko kashi ɗaya cikin biyar na kilokalori ɗaya ba.

A ganina da malamai za su riƙa cewa "bai yi aiki a kan buhun ba", da rabin gardamar ta mutu tun a aji. Ɗalibin da zai zauna WAEC ko JAMB dai, in aka tambaye shi aikin wanda ya tsaya riƙe da kaya, amsar sifili ce.

Sauke kaya a hankali yana da nasa hukuncin. Hannu yana tokarewa sama, buhun yana yin ƙasa, saboda haka aikin mutumin da alamar ragi ake rubuta shi, jul 735 ƙasa da sifili. Shi kuwa katakon bayan tirela ba ya rage aiki ko kaɗan, tazara yake ƙarawa don ƙarfin da ake bukata ya ragu. Tsayin da kayan suka hau shi ne abin lura. Guga mai lita 10, wato ruwa kilo 10, daga rijiya mai zurfin mita 20, jul 1,960 ne a kan ruwan, ko da hannu aka ja ko raƙumi ne ya ja.